Famasin nan na Nima ya burge ni

Jama'a in likita ya rubuta muku amiodarone, maganin daidaita bugun zuciya, ku leƙa famasin nan na kusa da kasuwar Nima a Accra, matar wurin ta san aikinta wallahi. Maganin Baba na je saya, sai ta karɓi takardar ECG ɗinsa, wato gwajin lantarkin zuciya, ta nuna min da bakin biro inda QT, wato lokacin da lantarkin zuciya ke ɗauka ya yi bugu ya sake shiri, ya ƙara tsawo, ta ce maganin toshe hanyoyin potassium yake a tsokar zuciya shi ya sa lantarkin ke jinkirin shirya bugu na gaba, zuciyar ta daina gudu barkatai, kuma akwai sinadarin aidin cikin maganin, dole a riƙa gwajin tayirod (ƙullin nan na wuya) da hanta. Akwai layi kam, ga ɗan tsada, amma suna karɓar MoMo, wato biya ta waya.