Manhajar Plum Village: ra'ayin mai ɗinki

Manhajar waya ce ta koyon natsuwa da kwantar da hankali. Kyauta ce, babu talla, shi ya fara jan hankalina. Almajiran Thich Nhat Hanh ne suka yi ta, malamin addinin Buddha ɗan Biyetnam da ya kafa cibiyar Plum Village a kudu maso yammacin Faransa a 1982, ya rasu a 2022.

Abin da na fi so ƙararrawarta. Kina saita ta, in ta kaɗa sai ki dakata, ki ja numfashi a hankali sau uku. Lokacin ɗinkin sallah, kafaɗuna sun ƙage, masu kaya suna ta kira, sai in ɗaga ƙafa daga kan keke, in ji ashe tun ɗazu haƙorana a cije suke. Akwai kuma darasin kwanciya, murya tana bi da ke gaɓa-gaɓa har jiki ya saki. Sau da yawa barci ke kwashe ni kafin a kai ƙarshe.

Koyarwarsu ita ce kada a guje wa damuwa, a dube ta har a gane tushenta. Waƙe-waƙen ibadarsu kam tsallakewa nake yi, ina da nawa zikirin. Babu Hausa a ciki, sai mai jin Turanci, Faransanci ko wasu harsunan waje.