Ƙananan magagaran Vallorbe: waɗanne ne suka cancanci kuɗin maƙerin fari?

Duk wanda yake ƙera zobe, ɗan kunne ko awarwaro ya san cewa kyan aikin yana fitowa ne bayan an sauke shi daga wuta, a lokacin da ake bin lungunansa da ƙaramin magagari ana share kaushi da ragowar liƙi. A wannan mataki magagaran da nake dogara da su su ne na kamfanin Vallorbe, wanda yake garin da ke da wannan suna a jihar Vaud ta ƙasar Suwizalan, kusa da iyakar Faransa. An kafa kamfanin a 1899, kuma tun asali kayansa suna da alaƙa da masu haɗa agogo, mutanen da aikinsu ba ya jure kuskure ko da na kaurin silin gashi ne.

Abu na farko da mai saye zai lura da shi shi ne lambar da aka buga a jikin kowane magagari. A tsarin Suwizalan lambobin suna tashi daga 00, mai manyan haƙora da ke cin ƙarfe da sauri, har zuwa 6, wanda haƙoransa suka yi laushin da da ƙyar yatsa yake jin su. A ganina lamba 2 ita ce ta yau da kullum, domin tana rage azurfa ba tare da ta bar zurfafan zane ba, sannan lamba 4 ta biyo baya ta share sawun da ta farko ta bari, ta yadda aikin samfefa zai ragu ƙwarai. Lamba 6 kuwa tana saurin toshewa da garin ƙarfe mai taushi, don haka mai koyo zai iya jinkirta sayenta. Ta fuskar tsawo akwai na santimita 14, 16, 18 da 20, kuma na 16 ya fi zama daidai a hannu ga yawancin aikin zobe.

Siffa ce ta fi buƙatar tunani, kuma a nan ne mutane suke ɓarnar kuɗi. Wanda ya fi daraja a wurina shi ne mai haƙora a fuska ɗaya kawai, wanda bayansa yake sumul kuma ya zube zuwa gefuna biyu masu siriri, a kundin kamfanin sunansa barrette. Idan ana gyara ƙafafun da za su riƙe dutse a kan zobe, ko ana share ƙuncin da ke tsakanin rassan ado irin na giciyen Agadas, wannan magagari yana cin gefen da aka nufa shi kaɗai, bayansa kuma ya goga a jikin ɗaya gefen ba tare da ya taɓa shi da lahani ba. Na biyu shi ne mai rabin da'ira, wanda kumburarren gefensa yake bin cikin zobe, shimfiɗaɗɗen kuma ya yi aikin waje. Mai kusurwa uku yana fitar da tsagi da kusurwa mai kaifi, zagayayye kuma yana faɗaɗa huda. Waɗannan huɗu sun wadatar, sauran siffofin a bar su sai aiki ya nema.

Bambancinsu da na arha da ake sayarwa goma a leda ɗaya yana bayyana ne idan aka ɗaga su a haske. Haƙoran na Vallorbe a jere suke daidai har zuwa tsinin, alhali na arha sau da yawa bakinsu a dakushe yake, gefensu kuma ba ya da kaifin shiga kusurwa. Ga mai aikin zinare wannan batun kuɗi ne, domin zane mai zurfi ɗaya yana tilasta a rage dukan fuskar kafin ya ɓace, kuma abin da aka rage nauyin zinaren mai kaya ne.

Tsada ita ce babbar matsalarsu, domin guda ɗaya yana iya fin kuɗin ledar na arha gaba ɗayanta, ga kuma kuɗin kawowa. Haka nan ƙarfe mai tauri ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, saboda haka ba a ɓanɓare abu da tsininsa, ba a kuma barinsa ya faɗo a siminti. Magagari yana ci ne idan an tura shi gaba, a dawowa sai a sassauta hannu. Shafa alli a haƙoran yana rage toshewa, buroshin tagulla yana fitar da abin da ya maƙale, kuma ya kamata a ajiye kowanne a kubensa don kada su riƙa gogar juna, musamman da damina lokacin da tsatsa take saurin kama ƙarfe. Na aikin zinare a ware su daban, garin zinaren da aka tara kuma a bi shi da maganaɗisu kafin a narkar.

Wanda yake aikin filatinam, wato wani farin ƙarfe mai daraja, sai ya nemi samfurinsu mai suna Valtitan, wanda ya fi na yau da kullum tauri. Gilashi da duwatsu kuwa ba aikin magagarin ƙarfe ba ne, suna buƙatar wanda aka lulluɓe da garin lu'ulu'u, wato daimon.