Lesin Turancin da ake yi a tsaye: abin da na gani cikin makonni shida

Ranar farko da na je ɗauko autata daga lesin, tun daga bakin zaure nake jin ihu da tafi, na ce a raina kuɗina sun tafi a banza. Yara goma sha biyu ne a tsakar gida, babu benci, babu littafi. Malama na tsaye, ta ce "jump" su yi tsalle, ta ce "sleep" su zube kan tabarma suna minsharin ƙarya. Naira 18,000 na biya wa kowane ɗaya cikin yarana biyu na makonni shida a dogon hutun da ya wuce, kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi. Baban yara da ya ji labari cewa ya yi, ai wannan ko a ƙofar gida kyauta ake yinsa.

Wata maƙwabciya ce ta haɗa ni da Malamar a nan Hotoro. Yarinyar tawa shekararta 5, ta yi shekara guda a nazare, amma abin da ta kwaso bai wuce haddar haruffa da waƙa ba. In ka nuna mata ƙofa ka ce mene ne sunanta da Turanci, sai ta ƙura maka ido. Na haɗa ta da yayanta mai shekara 9, tunda dai zaman gida yake yi.

A mako na biyu na nemi izini na zauna a gefe, don in ga inda kuɗina ke shiga. Malama ba ta fassara. Za ta faɗi kalma ta yi motsinta, yara su bi ta. Bayan sau uku ko huɗu sai ta harɗe hannu ta faɗi kalmar kawai, ta ga wanda ya kama. Daga nan ta hautsina jerin, don kada su haddace shi kamar karatu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take haɗa tsohuwar kalma da sabuwa: yaran da suka san "touch your nose" da "run", suka kuma san "door", sai ta jefa musu "run and touch the door", jimlar da ba su taɓa ji ba, kuma ka ga sun kwasa a guje sun nufi ƙofa. Sababbin kalmomi ba sa wuce biyar ko shida a rana. Da farko na raina adadin, daga baya na ga su ne ke zama a kai.

Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta tilasta musu maimaitawa da baki. Ta ce tsarin ba nata ba ne, na wani masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka, James Asher na jami'ar San Jose da ke Kalifoniya, wanda ya fito da shi tun shekarun 1960. Hujjarsa ita ce jariri yana jin "zo", "karɓi", "bari" yana aikatawa tun kafin bakinsa ya buɗe, don haka kunne da jiki su ke gaba, harshe ya biyo baya. Duk wadda ta yi goyo ta san wannan, ba sai an zo daga Amurka an gaya mata ba. Sai dai ban taɓa kawo wa raina cewa za a iya koyar da Turanci a haka ba.

Wasanni biyu ne yaran suka fi so. Ɗaya shi ne wanda ba a bin umarni sai an fara da "teacher says", wanda ya yi kuskure kuma ba a cire shi, shi ake ba wa ya ba da umarni na gaba. Ɗayan jaka ce da take zuba cokali, kofi, lemo da mataji, yaro ya zura hannu ya laluba ya zaro abin da aka kira. Ta kuma yi dabara a kan tsohon ciwonmu na Hausawa, wato rikita "pan" da "fan": takan sa yaro ya riƙe takarda a gaban bakinsa, in ya furta na farko daidai takardar ta motsa, na biyu kuwa ya ɗora haƙoransa na sama a kan leɓe yana fifita da hannu. Ni kaina a ɓoye na gwada a kicin.

Akwai ranar da ta ce su miƙa mata cokali da "left hand", 'yata ta ƙi. Malama ta zaci ba ta gane ba, ashe ta gane sarai, cewa ta yi Hajiya ta hana miƙa wa babba abu da hagu. Daga ranar aka koma ɗaga hannu kawai.

Inda abin ya gaza ma ba zan ɓoye ba. Yayan nata tun mako na biyu ya gundura, ya ce shi ba jariri ba ne da zai riƙa tsallen kwaɗo, kuma da gaskiyarsa: abin da yake buƙata karatu ne da rubutu, nan kuwa ko fensir ba a riƙewa. Bai kamata a karɓi kuɗinsa ba tun farko. Sannan akwai kalmomin da jiki ba ya iya nunawa. "Yesterday" da nuna bayan kafaɗa aka koyar, sai yarinyar ta ɗauka ma'anarsa baya, ta ce min tsintsiya tana "yesterday" ɗin ƙofa. Da an faɗa mata "jiya" sau ɗaya da Hausa, da an huta. Ƙin fassara gaba ɗaya ni a ganina taurin kai ne. A mako na huɗu kuma aka ƙara yara har suka kai ashirin, masu kunya suka koma kwaikwayon na gabansu ba tare da sun saurara ba.

Makonni uku cur yarinyar ba ta furta min kalmar Turanci ko ɗaya a gida ba, har na fara yarda da maganar babanta. A na huɗu, muna cin tuwon dare, sai na ji ta daka wa kyanwa tsawa: "go out and close the door!" Kyanwar ba ta rufe ƙofa ba, amma ta fita.

Hutu mai zuwa zan mayar da ita, muddin Malama ta yarda ba za ta wuce yara goma sha biyu ba. Shi kuwa yayan an riga an samo masa mai lesin karatu da rubutu a bayan layinmu.