Yawon Berlin da tsohuwar Trabant: motar ta yi, amma tarihin sai ka sauka ƙasa

Tunda na ɗora hoton 'yar motar nan a waya mutane ke ta tambayata nawa na saye ta, har wani bakanike abokina na wajen Ƙofar Kware ya ce in an samu hali a taho mai da guda. To ba saye na yi ba, haya ce, a Berlin ta ƙasar Jamus lokacin da na je duba ƙanena da ke karatu can. Akwai masu wagga sana'a, su ba ka tsohuwar motar Jamus ta Gabas mai suna Trabant ka tuƙa da hannunka, ku bi jagora jerin gwano shina gaba shina ba ku labarin yadda anka raba garin ta rediyon cikin mota. Lasin tuƙi dole ne, ba maganar "oga a taimaka".

Ita dai motar wallahi abin kallo ce. A garin Zwickau anka riƙa ƙera ta daga 1957 har 1991, sun yi sama da miliyan 3, kuma jikinta ba ƙarfe ba ne, wani abu ne da sunka haɗa da ragowar auduga da roba, in ka ƙwanƙwasa ƙofa sai ka ji kwas-kwas. Injin silinda biyu ne, ƙarfin doki 26 kacal, fetur da baƙin mai tare ake zuba su kamar ɗan ƙaramin janareton nan na masu cajin waya, ƙarar ma ita ce, hayaƙin ma shi ne. Tanki na gaba cikin bonet kusa da inji, babu gejin mai, wani ɗan sanda ake tsomawa a ga abin da ya rage. Giya kuma jikin sitiyari take, ka ja ka tura ka murɗa, ga kuloci mai taurin kai, kafin mu bar harabarsu ta mutu mani har yaron da ke koya muna ya fara kallona da tausayi. In kana da tsawo irin namu kada ka kuskura ka sa babbar riga, hula ma cire ta, kanka da rufi sai sun gaisa.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne wai a zamanin Jamus ta Gabas wagga akwalar mutum kan rubuta suna ya jira fiye da shekara 10 kafin layi ya zo kanshi, shi ya sa tsohuwa kan fi sabuwa tsada don ita yau za ka biya yau ka hau. Can ƙetaren katangar da ta raba Berlin Gabas da Yamma kuma, gari guda fa, ana hawan Marsandi da BMW. Ka zauna cikinta minti biyar gwiwa na dukan sitiyari warin fetur na shiga hanci, ka fahimci rayuwar Gabas fiye da duk abin da jagora ya faɗa.

To ga inda matsalar take. Munka bi ta Checkpoint Charlie, tsohon shingen tsallaka iyaka tsakanin Gabas da Yamma, wurin da tankokin yaƙin Amurka da na Tarayyar Sobiyet sunka tsaya fuska da fuska a Oktoban 1961, munka wuce dogon hasumiyar talabijin ta Alexanderplatz mai mita 368, munka shiga titin Karl-Marx-Allee mai faɗi da manyan gidaje iri ɗaya, sannan East Side Gallery inda anka bar katangar kusan kilomita 1.3 masu zane sunka cika ta a 1990, har da zanen Trabant ɗin kanta ta fasa bango ta fito. Duk wannan ƙanena ne ya gani da kyau don shi ke gefe. Ni idona na kan birki da masu keke, su kuwa masu keken Berlin ba su da wasa, ga 'yan yawon buɗe ido sun ɗago waya suna ɗaukarka hoto ana dariya ana ɗaga hannu, kai da ka zo kallo kai ka koma abin kallo. Danja ta kama mu jagora ya wuce, rediyo ya koma shuuu, rabin labarin da shika bayarwa iska ta tahi da shi. Kuma ba a tsayawa a sauka yadda rai ke so, tahiya ce kawai.

Washegari munka hau jirgin ƙasa zuwa titin Bernauer Strasse munka zaga da ƙafa, ba ko kwabo na shiga, kuma nan ne na san mi ake nufi da raba gari. Ranar 13 ga Agusta 1961 mutane sunka wayi gari an ja waya mai ƙaya an raba garin, a wanga titi bangon gidajen na Gabas ne amma dakalin da ke ƙofarsu na Yamma ne, sai mutane sunka riƙa dirowa ta taga har anka toshe tagogin da bulo. Sun bar wani yanki yadda yake, katanga biyu, fili tsakani da hasumiyar masu gadi. Nan ne anka haƙa ramin da mutum 57 sunka tsere ta ciki a 1964. Katangar ta kewaye Berlin ta Yamma kusan kilomita 155, aƙalla mutum 140 sun rasa rai a kanta kafin a buɗe ranar 9 ga Nuwamban 1989. Akwai hotunansu jere, wasu yara ne ƙanana. Mu da munka ga yadda rufe iyakar Illela a 2023 ya hana mutum zuwa jana'izar danginshi a Ƙonni, na 'yan watanni ke nan fa, su shekara 28 sunka yi.

Wani abu kuma da ba ka lura da shi daga mota, inda katangar ta bi sun jera duwatsu layi biyu cikin kwalta, ka tsallaka shi sau goma kana tuƙi ba ka sani ba.

Kuɗin hayar motar in ka juya shi naira sai ka yi salati, don haka in ku biyu ne ko uku ku shiga mota ɗaya, ku roƙa a bar ku ku canji juna a tuƙi don kowa ya samu ganin gari. Ma'aikatan ba laifi, suna da haƙuri da mai koyo, ƙarshe har wata 'yar takardar wasa sunka ba mu wai lasin Trabant. Ni dai na ba su uku da rabi cikin biyar. Wanda otomatik kawai ya iya, ko mai asma, ko mai ciwon baya, ya haƙura ya yi hoto a jikinta daga waje.