Sharhi kan sangen Interceptor G2, mai magani biyu

Interceptor G2 sange ne na kamfanin BASF da ke ƙasar Jamus, kuma abin da ya raba shi da sangen da muka saba ratayawa a Damagaram shi ne magani iri biyu aka shafa wa zarensa maimakon ɗaya. A cikinsa iyalina suka kwana daminar da ta wuce, tun daga lokacin da tafkunan gari suka cika har zuwa kaka, sa'ad da masassarar cizon sauro ta fi kwantar da yara. A ido ba shi da wani bambanci: yadi ne mai laushi, da igiyoyin ɗauri a kusurwoyi, da tsawon da ya isa a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma.

Ba za a gane darajarsa ba sai an san abin da ya sami tsohon sange. Shekaru da dama maganin da ake sa wa sange dangi ɗaya ne, wato piretiroyid, wanda yake kama jijiyoyin sauro ya kayar da shi nan take. Yau mutane suna ganin sauro ya sauka kan sange ya tashi lafiya lau, sai su ce ya saba da magani. Sauro guda ba ya sabawa da komai a cikin 'yan makonnin da yake rayuwa. Abin da yake faruwa shi ne, a cikin dubban sauro akan sami 'yan kaɗan da aka haifa da wani ɗan sauyi a ƙwayoyin gadonsu, wanda masana suke kira kdr, kuma wannan sauyi yana hana maganin kama jijiyar yadda ya kamata. Sange yana kashe sauran ya bar waɗannan, su ne suke yin ƙwai a kududdufai, 'ya'yansu kuma su gaji wannan hali. Da yake ƙwan sauro yana zama babba cikin kimanin mako biyu a lokacin zafi, damina ɗaya tana ɗaukar zuriya bayan zuriya, kowace ta fi ta baya yawan masu jure magani. Manomin Mirya da yake ware zangarniyar geron da ta fi kyau domin irin baɗi aikin nan yake yi da gangan. Sange kuwa ya yi shi ba da nufin kowa ba.

Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. Bayan rabon sange na ƙasa baki ɗaya da aka yi a Nijar a 2005 da 2006, masu bincike na cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai sun wallafa a 2008 cewa sauyin kdr ya ƙaru a jikin sauron Anofilis na ƙasar, wato mai yaɗa masassara.

A nan ne magani na biyu, kulorfenafir, wanda aka haɗa da piretiroyid a Interceptor G2, yake da amfani, domin shi ba jijiya yake nema ba. Yana shiga jikin sauro ya toshe hanyar da ƙwayoyin jikinsa suke samar da ƙarfi, don haka gadon da ya kare sauro daga piretiroyid ba ya yi masa rana. Gwaje-gwajen da aka yi a Tanzaniya da Benin sun nuna cewa kamuwar yara da masassara ta ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da sange mai piretiroyid kaɗai, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita irin wannan sange a wuraren da sauro ya daina jin tsohon magani.

Mai saye ya kamata ya san cewa kulorfenafir ba ya kisa da gaggawa. Sauro na iya taɓa sangen ya tashi, ya mutu bayan kwana ɗaya zuwa uku. Saboda haka wanda yake jiran ya share gawar sauro a gindin gado da safe zai zaci an cuce shi, alhali maganin yana aikinsa. Zafi kuwa yana nan kamar na kowane sange, musamman a ɗakin da ba ya samun iska, kuma farashinsa ya ɗara na mai magani ɗaya. Wanki yana bukatar kula: ruwan sanyi da sabulun sanda, ba tare da murza ba, sannan a shanya a inuwa, domin ranar Damagaram da omo suna cinye magani kafin shekaru uku da ake sa ran sange ya yi.

A ganina ya cancanci kuɗinsa, musamman ga gidan da yake da mai ciki ko yara 'yan ƙasa da shekara 5. Sai dai dokar gadon da ta raunana piretiroyid ba ta keɓe kulorfenafir ba, kuma idan aka dogara da shi kaɗai shekara da shekaru, sauron da zai jure shi zai yawaita. Don haka ya dace hukumar yaƙi da masassarar cizon sauro ta ci gaba da gwada sauron jihar Damagaram kowace damina, iyalai kuma su ɗinke duk hujin da ya bayyana, tun da zaren da ba shi da ƙofa yana tare sauro ko da maganin ya daina kama shi.