Tsofaffin littattafan binciken kisa: Masar za ka saya, Sin, ko Bombay?

Wani ƙanina ne ya tare ni kwanaki, wai ya gama da su James Hadley Chase kaf, yanzu yana son ya koma irin littattafan nan na da, waɗanda ake kashe mutum ɗaya a ɗaki a rufe sannan wani mai bincike ya zo ya yi ta tambayoyi har shafin ƙarshe ya tara kowa a falo ya nuna mai laifi da yatsa. Kuma shi wanda labarin ke faruwa a wata ƙasa mai nisa yake so. Kuɗin hannunsa ba za su wuce littafi biyu ba, wanne zai ɗauka? Na ce masa tsaya tukuna, domin abin da ke jikin bango da abin da ke ciki ba kullum suke tafiya tare ba. Shi kansa Chase ɗin Bature ne ɗan Ingila, littafinsa na farko da ya fito a 1939 a Amurka ya kafa labarin alhali lokacin ƙafarsa ba ta taɓa taka can ba, da taswira da ƙamus ɗin zaurancen Amurkawa ya yi aiki. To irin wannan ya cika fannin nan, shi ya sa sai ka san me kake saya.

Ni dai ma'aunina guda ɗaya ne kuma ban taɓa ganin ya ba ni kunya ba. Ka buɗe littafin ka duba, a cikin jerin mutanen da ake zargi akwai ɗan ƙasar da labarin ke faruwa? Idan akwai, marubucin ya ɗauki mutanen wajen a matsayin mutane masu zuciya, masu son kuɗi da kishi da ƙiyayya kamar kowa. Idan babu, to ƙasar labule ce kawai aka rataya a baya.

Mu fara da Agatha Christie tunda ita za ka fi samu a wajen 'yan gwanjon littafi. Gaskiya a ƙulla makirci ba na jin akwai kamarta a cikin waɗanda zan ambata. Death on the Nile na 1937, kisan wata amarya mai kuɗin gaske a cikin jirgin ruwa mai suna Karnak a kan Kogin Nilu, daga Aswan ana nausawa kudu, ana yada zango a Abu Simbel, kowa a jirgin da abin da yake ɓoyewa, ga mai bincike Poirot ɗan Beljiyam da gashin bakinsa yana ta auna minti biyar ɗin da kowa ya ce yana wuri kaza. Duk abin da kake buƙata don ka gano mai kisan ta ajiye maka shi a fili, amma wallahi sai ka wuce shi da idonka biyu, in ka zo ƙarshe ka koma baya ka ga ashe ga shi nan tun tuni. Wannan daɗin shi ake biya wa kuɗi kuma ba ta cin amanarka.

Kuma ba za ka ce ba ta san yankin ba. A 1930 ta auri Max Mallowan, mai haƙar kayan tarihi, a Ur ta ƙasar Iraƙi suka haɗu, ta shekara da shekaru tana bin sa wajen haƙa a Iraƙi da Siriya, har wanke kayan da aka tono da ɗaukar hotonsu take yi. Shi ya sa in ka karanta Murder in Mesopotamia na 1936, wanda labarinsa ke faruwa a Iraƙi, za ka ji gidan masu haƙar kamar kana ciki, tsakar gida ɗaya, ƙofa ɗaya, tagogin waje da ƙarafa, ɗakin ajiye tukwane, lokacin da kowa ke ɗan kishingiɗa bayan abincin rana.

Amma fa a nan ɗin ne abin ke ci min rai. A tsakar gidan nan akwai wani yaro, Abdullahi, yana zaune yana wanke fasassun tukwane lokacin da aka yi kisan, amfaninsa a labarin kawai a tambaye shi ko ya ga wani ya wuce, shi ke nan. Ma'aikatan haƙa Larabawa ga su nan da yawa amma daga nesa ake hango su, ana jin waƙarsu. A littafin Nilu kuwa Misirawan da za ka gani masu tallan duwatsun wuya ne da masu jakuna da yara masu roƙon bakshish, wato 'yar kyautar kuɗi, da suka dami Turawa, sai ma'aikatan jirgi marasa suna. Ka yi tunani, ka shiga Masar tun daga Aswan har iyakar Sudan amma ko mutum ɗaya ɗan ƙasar bai isa a zarge shi da kisa ba. Mai karatu irinmu, wanda ya fi kama da masu jakunan nan fiye da fasinjojin jirgin, dole ya ji wani iri. A 2023 an ba da labarin cewa kamfanin HarperCollins ya gyara wasu kalamai a sababbin bugu, har da inda wata fasinja ke kushe yaran da suka kewaye ta a bakin kogi, to in kana son ka ga yadda ta rubuta asali sai ka nemi tsohon bugu, in kuma yaro za ka saya wa, sabon ya fi. Gyaran kalma dai bai mayar da Misirawan cikin labarin ba. Tsakanin biyun kuma na Nilu za ka ɗauka, domin ƙarshen na Iraƙi ya rataya ne a kan wata magana ta aure da na tabbata duk matar da ta karanta za ta ce wannan kam ba zai yiwu ba.

Wanda nake so ƙanin nan nawa ya fara da shi, kuma shi nake roƙon duk mai karatu ya nema ko da wahala, shi ne Robert van Gulik. Ɗan ƙasar Holan ne, jami'in jakadanci, ya yi aiki a Japan da Sin, yana karanta Sinanci yana rubutawa, matarsa ma 'yar Sin ce. A 1949 ya fassara wani tsohon littafin Sinawa a kan Alƙali Dee, wanda mutum ne na gaske, Di Renjie, da ya rayu daga 630 zuwa 700 zamanin daular Tang, daga nan ya ci gaba da rubuta nasa labaran a kansa har ya mutu a 1967. A nan kusan kowa ɗan ƙasa ne, mai kisan, wanda aka kashe, mai shayi, sarkin mabarata, malamin ɗakin ibada, babu Bature ko ɗaya da zai zo ya warware musu matsala.

Abin da ya kama ni tun farko shi ne yadda alƙalin yake kamar wanda na sani. Shi ne hakimi, shi ne alƙali, shi ne mai bincike, a buga ƙararrawa a buɗe zaman shari'a jama'ar gari su cika zaure suna kallo, mai ƙara ya durƙusa a gabansa, dogarai a gefe da bulala. Yana da mata har uku a gida daga baya, da tsohon baransa Hoong da ya raine shi tun yana yaro yake kuma haɗa masa shayi in dare ya yi suna tattauna shari'a. Sannan ba shari'a ɗaya yake fama da ita ba, uku ne a lokaci guda, kamar dai yadda aikin hukuma yake a zahiri, kana cikin wannan wata ta faɗo. Ka fara da The Chinese Gold Murders na 1959, a nan aka tura shi aikinsa na farko a wani gari na bakin teku inda aka sa wa alƙalin da ya gabace shi guba a shayi a cikin ɗakin karatu a kulle, a hanya kuma 'yan fashi biyu suka tare shi, suka gwabza, ƙarshe suka zama yaransa na amana. A bayan kowane littafi van Gulik yana yin ɗan bayani ya gaya maka daga wane tsohon kundi ya ɗauko dabarar kisan, har ya faɗa da bakinsa cewa sutura da wasu al'adun na zamanin daular Ming ne ya aro, ɗaruruwan shekaru bayan alƙalin. Ina girmama marubucin da zai gaya maka inda ya yi ƙari.

Aibinsa kuma ba zan ɓoye ba. Shi yake zana hotunan ciki da hannunsa, kuma kusan kowane littafi sai ka ci karo da zanen mace ba sutura, don haka ba abin da za ka bari a falo ba ne inda yara ke ɗauka. Akwai azabtarwa a kotu domin dokar lokacin sai mai laifi ya amsa da bakinsa, akwai bayanin yadda ake zartar da hukuncin kisa. Makircinsa ma bai kai na Christie tsauri ba, wani lokacin tun tsakiya za ka gano mutumin. Kuma Murder in Canton na 1966, inda ya kawo fatake Larabawa Musulmi, yadda ya zana su bai yi min daɗi ba ko kaɗan, kar ka fara da shi.

Sai Sifeto Ghote na H.R.F. Keating, ɗan sandan ciki a Bombay. Mu da muka tashi da finafinan Indiya sunan garin kaɗai zai ja mu. Ghote mutum ne mai shiga rai, ƙaramin ma'aikaci mai gaskiya, oga na danna shi ta sama, masu kuɗi na raina shi, matarsa Protima na ƙorafin ba ya dawowa gida da wuri, duk wanda ya yi aikin gwamnati zai gane shi. Na farkon, The Perfect Murder, 1964 ya fito har ya ci kyautar Gold Dagger a Ingila. Sai dai Keating ya kai kusan shekara goma yana rubuta Bombay kafin ya je Indiya, kuma ana ji, musamman a irin gurɓataccen Turancin da yake sa wa mutane a baki, wanda in ka yi shafi hamsin zai fara gundurarka. Wannan aro za ka yi ka ɗanɗana kafin ka sa kuɗinka.

Arthur Upfield kuwa, mai Sifeto Bony na dajin Ostireliya, littafi 29, ya san ƙasarsa ciki da bai don ya yi shekaru yana aikin kiwo da gyaran shinge a can. Yadda Bony ke bin sawu, ya kalli ƙasa ya ce doki kaza ne ya wuce jiya da yamma, duk wanda ya taɓa zama da makiyaya zai ji daɗinsa. Amma yawan maganar jini, wai wannan halin daga jinin uwarsa 'yar asalin ƙasar ne, wancan daga jinin ubansa Bature, tana da nauyi a zuciya.

In ka je saye, abu na farko ka juya ka duba shafukan ƙarshe. Na taɓa sayen wani a gwanjo, na kwana biyu a kansa, ashe ganye uku na ƙarshe sun fita, daidai inda za a faɗi mai kisan, na daɗe ina jin zafin abin. Ka duba ko akwai zanen taswirar jirgin ko gidan a ciki, domin kwafin da ake turawa a waya sau da yawa babu shi, kuma in babu shi ba za ka gane wa ke kwana kusa da wa ba. Ka kula da siraran bugun da aka taƙaita don masu koyon Turanci, bangon iri ɗaya amma an zubar da rabin alamomin. Wani littafin kuma suna biyu gare shi, Murder on the Orient Express a Amurka da sunan Murder in the Calais Coach ya fara fita, kar ka saya sau biyu. 'Yan'uwa na Nijar masu Faransanci, Alƙali Dee a wajenku juge Ti ne, da wannan sunan za ku tambaya.

Ƙanin nawa dai na ce masa ya ɗauki The Chinese Gold Murders da Death on the Nile, ya fara da na alƙalin, in ya gama na Nilu ya zo mu zauna ya gaya min a wane babi ya fara zargin wanda ya yi kisan.