Yaya, ga labarin makarantar auta a Cardiff

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Kin dame ni da tambayar makarantar auta, to ga shi.

Ko sisi ba ma biya. Ba kuɗin zango, ba na jarrabawa, ba "a turo kuɗin tsintsiya". Abincin rana ma kyauta ne ga duk ɗan firamaren gwamnati a nan Wales, yankin Birtaniya da Cardiff take ciki. Na rubuta musu halal kawai, ranar da babu sai su ba ta kifi ko na ganye. Rigunan makaranta a babban kanti nake ɗauka, biyu a leda ɗaya, kuma kuɗinsu bai kai na doya guda a shagon 'yan Afirka ba. Doya a nan sai dai kallo. Magani in likita ya rubuta kyauta ne tun 2007, alhali a Ingila, nan kusa da mu, biya manya suke yi. Haya da kuɗin gas ne ke cin mutum.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne yare. Na zo da tunanin Turanci ne ko'ina. Sati biyu da shigarta, yarinyar nan ta tsaya a gabana ta ce, "Ga i fynd i'r tŷ bach?" Na ce ke, lafiyarki? Ashe izinin zagayawa take nema, wai "ƙaramin gida" suke ce wa banɗaki. Su Cymraeg suke kiran yaren, ni kuwa Welshanci na sa masa. Dole ne kowane yaro ya koye shi daga shekara 5 zuwa 16. Tata makarantar da Turanci ake karatu, amma gaisuwa da kiran suna da ƙirge duk da Welshanci ne. Akwai kuma makarantun da komai da shi ake yi, har lissafi. Akwai wani harafi, "ll", da ake manna harshe a dasashi a busa iska ta gefe. Auta tana yinsa kamar da shi aka haife ta, ni in na gwada sai feshin yawu.

A ƙidayar 2021 masu jin yaren 538,300 ne, ko kusa da mutanen birnin Kano ba su kai ba. Amma suna da tashar talabijin, S4C, da shirye-shiryen yara, a kan kwalta ma an rubuta ARAF, wato a rage gudu, kuma gwamnati na neman su kai miliyan ɗaya a 2050.

Wata uwa a ƙofar makaranta ta ba ni labarin Welsh Not, katakon da a ƙarni na 19 ake rataya wa yaron da aka kama yana yarensu a aji, wanda aka tashi makaranta yana wuyansa ya sha bulala. Nan take na tuno monitanmu da takardar masu "banakula", da tarar da muka riƙa biya don mun yi Hausa. Har yau fa a makarantun kuɗi na can gida ana yi, kuma mu muke biya a yi wa 'ya'yanmu.

Hausar auta kuwa ta fara zubewa, jiya "ƙofa" ta gagare ta. Don Allah in Kawu zai taso ki haɗo min littattafan Hausa na aji ɗaya da biyu, da kuka da yajin Inna. Ki kuma ce wa Inna in ta kira, ko auta ta amsa da Turanci kada ta biye mata.